Ina datar ta tafi? Yadda manhajar lissafin intanet ke mantuwa, da saitin da ke hana ta

A gidajen haya na samari a Minanata, cikin birnin Sakkwato, rigimar data takan tashi ne idan wata ya yi nisa. Mutum 6 sun yi karo-karo sun sayi rauta ɗaya, sun zuba mata datar wata guda, sai ta ƙare tun kafin kwana 20. Kowa ya rantse ba shi ne ya cinye ba. Wanda rautar ke hannunsa ya buɗe shafin lissafi don a raba gardama, sai ya tarar da jadawalin makon jiya a shafe sumul, babu alamar ranar da aka yi ɓarnar.

Manhajar ba ƙarya ta yi ba. Taƙaitawa ta yi, kamar yadda aka saita ta tun ranar da aka ɗora ta. Tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da na data da kashi 50 cikin 100 a watan Janairun 2025, wannan saitin ya zama maganar aljihu.

Littafin mai shago

Mai shagon da ke ba da bashi yana rubuta kowane ƙullin sukari a ranar da aka ɗauka. Idan wata ya ƙare sai ya haɗa jimla, ya yage tsofaffin shafuka. Jimlar tana nan daram, amma wanda ya zo yana musun abin da ya ɗauka ranar Talata ba shi da inda za a nuna masa.

Haka manhajojin lura da zirga-zirgar data suke aiki. MRTG, wadda Tobias Oetiker ya fitar a 1995, ita ce ta yaɗa tsarin: jadawalin yini yana nuna matsakaicin kowane minti 5, na mako kowane minti 30, na wata kowace awa 2, na shekara kuma yini guda cur a ɗigo ɗaya. A 1999 ya fitar da RRDtool, wadda manhajar Cacti ke aiki a kanta. Rautocin MikroTik, da masu sayar da Wi-Fi a unguwanni suke yawan amfani da su, su ma irin waɗannan jadawalai 4 suke zanawa.

Dalilin taƙaitawar wurin ajiya ne. Awo a kowane minti 5 yana nufin awo 288 a yini, 105,120 a shekara, na layi ɗaya kawai. Shi ya sa fayil ɗin RRDtool ba ya ƙara girma: idan ya cika, sabon awo yana hawa kan mafi tsufa.

Inda shaida ke ɓacewa

A ce wani a gidan ya sauke finafinai da gudun megabit 20 a daƙiƙa har tsawon minti 30. Ya cinye gigabait 4.5 ke nan. A jadawalin minti 5, abin zai tsaya ƙiƙam kamar hasumiya. Idan ya koma jadawalin awa 2, matsakaicin zai sauka zuwa megabit 5. A jadawalin shekara kuwa, inda aka baje shi a kan awa 24, kusan 0.4 ne kawai. Yawan datar bai ragu ko kaɗan ba, amma lokacin da aka ci ta da irin gudun da aka yi sun salwanta, kuma babu saitin da zai dawo da su.

RRDtool tana da hanyoyin taƙaitawa 4: matsakaici, mafi ƙanƙanta, mafi girma, da awo na ƙarshe. Wanda ya zaɓi matsakaici kaɗai ya yarda hasumiyar ta rushe. Wanda ya haɗa da mafi girma, wato MAX, zai ga ƙololuwar ko bayan watanni. Wannan zaɓin ana yin sa ne lokacin ƙirƙirar fayil ɗin. Tun ran gini, ran zane.

Abin da za a duba a rauta

Na farko shi ne tsawon ajiya. Ƙaramar manhajar vnStat, da ake ɗorawa a kwamfutoci da rautocin da ke aiki da Linux, tana zuwa da nata saitin: awon minti 5 na awa 48, na awa-awa na kwana 4, na kullum na kwana 62, na wata-wata na wata 25. Ga gidan da ake lissafi a ƙarshen wata, kwana 4 sun yi kaɗan. Ɗaga shi zuwa kwana 35 ba ya cin wani wurin kirki.

Na biyu shi ne ranar juyawar wata. Datar wata tana ƙirga kwana 30 ne daga ranar da aka saya, manhaja kuwa daga 1 ga wata take farawa. A vnStat, saitin MonthRotate ne ke daidaita su.

Na uku, jimlar layi ba ta faɗin sunan kowa. vnStat tana ƙirga abin da ya bi ta layin ne gaba ɗaya. A MikroTik, sai an ware wa kowace waya nata kason gudu, an kunna wa kason jadawali, sannan za a san wanda ya ci nawa.

Na huɗu shi ne wuta. Lissafin da ke zaune a ƙwaƙwalwar wucin gadi yana tafiya da zarar an ɗauke wuta, don haka a tabbatar ana adana shi a ma'ajiyar rautar. Yawancin ƙananan rautoci kuma ba su da batirin agogo, sai an saita su suna karɓar lokaci daga intanet, in ba haka ba awon yau ya faɗa a wata ranar daban.

A cikin waya

Wayar Android ma tana da irin wannan lissafin, manhaja bayan manhaja, kuma tana barin mai ita ya zaɓi ranar da watansa ke farawa. Wanda ya sayi data ranar 17 ya mayar da ranar zuwa 17, sannan ya kwatanta da abin da *323# ke nuna masa. A iPhone kuwa, ƙidayar takan ci gaba da taruwa har sai mai wayar ya share ta da hannunsa. Idan aka ga giɓi babba, hoton allon da aka ɗauka kowane mako shi ne abin nunawa ga kamfani, ko ga NCC ta lambarta ta ƙorafi, 622.

Ba komai ake ajiyewa ba

Akwai bambanci tsakanin ajiye yawan datar da waya ta ci da ajiye jerin shafukan da mai wayar ya shiga. Sashe na 38 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015 ya ɗora wa kamfanonin sadarwa ajiye bayanan zirga-zirga na shekara 2. Dokar Kare Bayanai ta 2023 kuma ta hana riƙe bayanan mutum fiye da lokacin da ake buƙatar su. Mai sayar da Wi-Fi a bakin titi da mai riƙe da rautar gida, abin da suke buƙata shi ne adadi da lokaci. Sirrin maƙwabci ba ya cikin lissafin karo-karo.

Ga gida irin na Minanata, tsarin da ya wadatar shi ne awon minti 5 na mako guda, na awa-awa na kwana 35, jimlar kullum ta shekara guda, tare da ƙololuwa a kowane mataki. Aikin minti 10 ne, amma sai an yi shi ranar da aka zuba data, ba ranar da ta ƙare ba.