Maganin Ciwon Damuwa Ba Ya Son Gaggawa

Kwanakin baya wani magidanci ya zo ɗakin shan maganinmu, matarsa na biye da shi riƙe da leda. Shekaru da yawa yana da rumfar yadi a Kasuwar Libiya, babbar kasuwar nan da ke yammacin Omdurman, tsallaken Kogin Nilu daga Khartum, a ƙasar Sudan. Hausawa sun daɗe a wannan ƙasa. Kakannin wasu hanyar Makka ce ta bi da su ta can, suka zauna. Yaƙin da ya ɓarke ranar 15 ga Afrilu 2023 shi ya raba mutumin nan da rumfarsa, ya dawo gida da iyalinsa hannu rabbana.

Tun kafin yaƙin wani likita a Omdurman ya ɗora shi a kan maganin ciwon damuwa, har ya fara jin sauƙi. A hanya maganin ya ƙare. Bayan 'yan watanni ciwon ya dawo masa: ba barci, ba cin abinci, ko gaisuwar rasuwa ba ya iya fita. Sai ya aika aka sayo masa irin ƙwayar a kemis. Ya tuna a can huɗu yake sha da dare, don haka ya fara da huɗu. Kwana na uku jiri ya kayar da shi a tsakar gida, bakinsa ya bushe ƙamas, zuciyarsa na bugawa. Ya ajiye maganin, ya ce na nan ba irin na Sudan ba ne.

Da matar ta buɗe ledar na duba, maganin ɗaya ne, ƙarfinsa ma ɗaya. Abin da ya manta shi ne, likitansa bai fara masa da huɗu ba. Da ɗaya aka fara, aka riƙa hawa da shi a hankali har jikinsa ya saba. Irin wannan kuskuren ne ya sa na rubuta maka wannan ɗan littafi, ɗan'uwa, ko kai ne mai ciwon, ko kai ne mai jinya.

Ba kowane baƙin ciki ne ciwo ba

Wanda ya yi rashi ko ya yi asara dole ya yi baƙin ciki, wannan kuwa ba ƙwaya ce maganinsa ba. Ciwon damuwa dabam yake. Mutum yakan wuni cikin ƙunci kusan kullum, har mako 2 ko fiye. Abin da yake jin daɗinsa a da ya daina yi masa daɗi, gona ko kasuwa ko renon yara su gagare shi. Barci da ci sukan rikice. Yakan ga kansa ba shi da amfani, wani har ya riƙa tunanin gara ya mutu. Da yawa ba sa zuwa mana da kalmar damuwa. Sukan ce ciwon kai, ko kasala, ko wani abu na yawo a jiki, sun sha maganin zazzaɓi da na taifot sau ba adadi. Mu kuma kafin mu ce damuwa ce, sai mun duba ko ƙarancin jini ne, ko ciwon maƙoƙo, domin su ma suna kawo irin wannan kasala.

Kada kowa ya ce maka rashin bangaskiya ne ko rashin tawakkali. Na ga masu yawan addu'a, Kirista da Musulmi, wannan ciwo ya kwantar da su. Dakta Tijani al-Mahi, likitan ƙwaƙwalwa na farko ɗan Sudan, wanda ya rasu a 1970 kuma asibitin ƙwaƙwalwa na Omdurman ke ɗauke da sunansa, bai raina malaman da jama'a ke kai wa majinyata ba. Haɗa kai ya yi da su. Ka ci gaba da addu'arka, ka kuma sha maganinka.

Yana aiki kuwa?

Yana aiki. A 2018 mujallar likitoci ta Lancet ta buga wani babban nazari da ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan manya fiye da 116,000. An gwada magunguna iri 21 da ƙwayar da babu magani a cikinta, kowannensu ya fi ta amfani. Amma gaskiya ɗaya ce, ba kowa maganin farko yake karɓa ba, wani sai an canza masa. Kuma ya fi amfani ga wanda ciwon ya yi wa nauyi. In ciwon mai sauƙi ne, ba da ƙwaya muke farawa ba. Mukan zauna mu yi magana, mu taimaki mutum ya koma aikinsa da shiga jama'a kaɗan-kaɗan.

Abin da ke korar mutane shi ne, wahalar maganin takan riga amfaninsa zuwa. A makon farko kana iya jin tashin zuciya, ko jiri, ko yawan barci, sauƙi kuwa shiru. Wannan ba ya nuna maganin bai karɓe ka ba. Sauƙi yakan fara leƙowa bayan mako 2 ko fiye, kuma ba a yanke hukunci sai an yi mako 4 zuwa 6 ana sha kullum. Sau da yawa mutanen gida ne ke fara gani. Matar za ta ce jiya ya cinye tuwonsa, shi kuwa ya ce bai ji wani canji ba.

Awon magani

Iri biyu ne aka fi samu a asibitoci irin namu, duka suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Ƙarfin kowace ƙwaya yana rubuce a jikin fakiti, lamba ce da haruffa mg, wato miligiram.

Amitiriptilin, wanda ɗan kasuwar nan ya sha, ana fara shi da miligiram 25 lokacin kwanciya. Mako-mako ake ƙarawa, har a kai 100 zuwa 150 in da bukata. Tsoho ko mai wani ciwon dabam ba a cika wuce masa 50 zuwa 75 ba. Yana busar da baki, yana taurara bayan gida, yana kawo jiri in ka miƙe da sauri. Lokacin zafi ka yawaita shan ruwa, in ka tashi daga kwance kuma ka ɗan zauna tukuna. Mai ciwon zuciya ba a ba shi.

Fuluwoksetin da safe aka fi shan sa, domin yana iya hana barci. Ana farawa da miligiram 10 na mako guda, sannan 20. In an yi mako 6 ba sauƙi, likita na iya kai shi 40. Wasu yakan rage musu sha'awar aure. In haka ta same ka, ka faɗa mana, kada kunya ta sa ka bar magani a ɓoye.

A nan ne 'yan'uwa masu son taimako suke ɓata abu. Sukan ce tun da ɗaya ba ta yi ba, a sha uku. Wani nazari na 2019 ya nuna cewa a magunguna dangin fuluwoksetin amfani yana ƙaruwa ne har zuwa tsakanin miligiram 20 da 40. Daga nan ƙari ba ya ƙara sauƙi, sai dai ya ƙara wahalar da ke sa mutane barin magani. Amitiriptilin kuwa ya fi wannan haɗari. In aka sha da yawa lokaci ɗaya yana rikita bugun zuciya, yana kisa, ƙaramin yaro ma 'yan ƙwayoyi sun isa. Shi ya sa kaɗan-kaɗan muke ba da shi, muna roƙon wani babba a gida ya kulle shi, ya riƙa miƙa na kowane dare. Na rubuta lambobin nan don ka gane abin da aka ba ka ne, ba don ka auna wa kanka ba.

Kada ka haɗa su da giya ko tiramadol. Tiramadol da waɗannan magunguna suna iya kawo farfaɗiya da zazzaɓi mai zafi da ruɗewa. Mace mai ciki ko mai shayarwa ta faɗa kafin a rubuta mata. Yaro ƙasa da shekara 12 ba a ba shi. In an taɓa ganin mai ciwon ya yi kwanaki ba barci amma cike da ƙarfi, yana surutu ba tsayawa, yana ɓarnar kuɗi, lalle a gaya wa likita, domin maganin damuwa shi kaɗai yana iya tayar masa da wannan. In kuma bayan fara magani mutum ya kasa zama wuri ɗaya, ko yana maganar kashe kansa, musamman matashi, a kawo shi a ranar. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da maganin ƙwari da igiya daga inda zai kai hannu.

In ka ji sauƙi, ba a gama ba. Ana ci gaba da sha wata 9 zuwa 12 bayan alamun sun tafi, in ba haka ba ciwon yakan dawo. Ba ya bugarwa, ba ya sa mutum ya riƙa neman ƙari kamar tiramadol, amma yanke shi farat ɗaya yakan kawo jiri da munanan mafarkai da saurin fushi. Likita zai riƙa rage maka cikin mako 4 ko fiye. In ka manta na yau, kada ka ninka na gobe. Mai azumi ba sai ya bari ba, tun da sau ɗaya ake sha, sai mu daidaita masa lokaci da sahur ko bayan shan ruwa.

Kai kuma mai tafiye-tafiye, ɗan kasuwa ko ɗan ci-rani, ka sa a rubuta maka sunan maganin da awonsa da ranar da ka fara, ka ajiye takardar tare da katin shaidarka. Ka tafi da wanda zai ishe ka. In hanya ta yanke maka magani na makonni, kada ka koma kan awon da ka tsaya. Ka nemi ma'aikacin lafiya a sake farawa daga ƙasa.

Haka aka yi wa mutumin Kasuwar Libiya. Likita ya duba zuciyarsa da hawan jininsa, aka mai da shi kan ƙwaya ɗaya da dare, matarsa ke riƙe da makullin akwatin. A mako na biyar ya tambayi wani majinyaci a layi nawa ya sayi yadin rigarsa, ya taɓa, ya ce an cuce shi. Yanzu yana kan ƙwaya uku. Bayan mako 2 za su dawo, matar kuma za ta zo da fakitin mu ƙirga abin da ya rage.