Bushin ɗin ƙafar baya: wanda ya fi tauri ba shi ne ya fi kyau a ko'ina ba

Idan makanike ya ɗaga tsohuwar BMW E36 a jak, ya zura ƙarfen taya a gaban dogon hannun da ke riƙe da tayar baya ya ɗan banƙare shi, sau da yawa za ka ga hannun ya gusa gefe sannan ya koma. Haska tocila ka leƙa. Robar da ke cikin gurbin ta tsattsage kamar faso a lokacin hunturu. Girmanta bai wuce ƙaramin gwangwanin tumatir ba, amma ita ce dalilin da mai motar yake kukan cewa bayanta na yawo: in ya ba ta wuta ta karkata nan, in ya ɗaga ƙafa ta karkata can, alhali bai taɓa sitiyari ba.

Wannan robar ita ce bushin. Ana sa ta duk inda ƙarfen ƙafar mota zai haɗu da wani ƙarfen, wato a bakin hannuwan da ke riƙe taya, da inda ƙaramin firam ɗin baya ke ɗaure da bodi, da inda akwatin da ke raba ƙarfin inji ga tayoyin baya yake rataye. Kamfani na zaɓen roba don tana shanye girgiza da ƙugi, ba ta neman giris, kuma tana da arha. Ga mai zuwa ofis da kai yara makaranta, ba abin da ya fi ta.

Matsalar tana fitowa ne idan aka matsa wa mota. A kwana mai sauri tayar waje tana ɗaukar nauyi mai yawa, robar ta lotsa, hannun ya gusa. Abu ne na milimita ɗaya ko biyu, amma yi lissafi: idan hannun da ke saita fuskar taya yana da nisan santimita 15 daga inda take juyawa, gusawar milimita 1 tana karkatar da tayar da kusan digiri 0.4. Mai alaimen kuwa a kan ƙasa da haka yake ɓata lokacinsa yana saiti. Ke nan saitin da ka biya kuɗi aka yi a gareji, motar tana tsaye, ba shi ne kake tafiya da shi a tsakiyar kwana ba.

Wani lokacin da gangan injiniyoyi ke barin wannan lotsawar. Porsche 928, wadda ta fito a 1977, an tsara ƙafarta ta baya ta yadda idan direba ya firgita ya ɗaga ƙafa daga totur a cikin kwana, tayar baya za ta ɗan dubi ciki ta hana gindin motar wulƙitawa. Mazda ma ta yi dabara makamanciyar wannan a RX-7 ta 1985, ta sa mata suna DTSS. Abin dariyar shi ne, masu wasan dirif da suka sayi wannan Mazda, abu na farko da da yawansu ke yi shi ne su cire wannan bushin mai wayo su cusa mai tauri a gurbinsa. Ba su son mota mai yanke wa kanta shawara.

Dirif shi ne a sa bayan mota ya zame da gangan, a riƙe ta a karkace tun daga shiga kwana har fita. A hanyoyin duwatsun Japan ya girma, Keiichi Tsuchiya ya yi suna da shi a cikin Toyota AE86, daga baya wasan ya zama gasa mai alƙalai: D1 Grand Prix a Japan, sai Formula Drift a Amurka daga 2004. Mai kallo yana zaton mai dirif ba ya son tayar baya ta kama ƙasa. Ba haka ba ne. Yana son ta kama, domin da ita yake tura motar gaba cikin hayaƙi. Abin da ya fi nema shi ne ta saki a daidai lokacin da ya ce ta saki, yau da gobe iri ɗaya. Idan ya juya ta daga zamiyar hagu zuwa ta dama, roba mai laushi sai ta fara lotsawa, ta tara ƙarfi, sannan ta sake shi gaba ɗaya kamar danƙo. Wannan ɗan jinkirin da fizgar da ke biyo bayansa su ne ke jefa mutum cikin katanga. Ga kuma dukan da ƙafar ke sha duk lokacin da ya taka kuloci ya sake shi da ƙarfi, ko ya ja hambirki.

Mai tseren zagaye, wanda ke fafatawa da agogo, buƙatarsa ta ɗan bambanta. Shi yana so idan ya taka birki daga gudu mai yawa bayan motar ya tsaya cak a layinsa, kuma tayar ta kwanta sosai a ƙasa a doguwar kwana. Amma yana hawa dakalin gefen hanya, yana bin kwalta mai gargada, don haka ƙafar dole ta yi sama da ƙasa ba tare da cijewa ba. Duk su biyun dai abu ɗaya suke gudu, wato tayar da ke sauya fuska ba da izini ba.

A kasuwa zaɓin kusan huɗu ne. Akwai sabuwar roba, ta kamfani ko wadda aka ƙara wa tauri. Kada a raina ta: mutane da yawa da ke yabon bushin ɗin tsere, da mushen roba mai shekara 20 suke gwada shi, ba da sabuwa ba. Sai foliyuretan, wanda aka fi kira foli, mai launin ja ko shuɗi ko rawaya da ake gani a hotuna. Ana auna taurinsa da ma'aunin Shore A. Robar kamfani galibi tana wajen 60 zuwa 70, foli na titi wajen 80, na tsere kuwa ya kai 95. Kamfanin Powerflex na Ingila, alal misali, yana sayar da mai launin shunayya don titi, baƙi don filin tsere. Na uku shi ne Delrin, wata irin roba mai tauri kamar ƙashi da kamfanin DuPont ya ƙirƙira, tare da tsuran alminiyam. Na huɗu shi ne boris mai ƙwallo, ƙwallon ƙarfe a cikin gurbi, wanda 'yan Japan ke kira filobol. Ba ya lotsawa ko kaɗan, amma yana juyawa ta kowace fuska kamar gaɓar kafaɗa.

A nan ne ake asarar kuɗi. Saurayi ya sayi kwalin foli na mota sukutum, ya bi kowane gurbi ya cusa, yana ganin ai tauri shi ne magani. Tambayar da bai yi ba ita ce: wannan gaɓar, ta fuska nawa take motsi?

Wata gaɓar kamar fatar ƙofa take, sama da ƙasa kawai, a kan layi ɗaya. Hannuwan baya na tsohuwar Mazda MX-5 kusan haka suke, shi ya sa foli ko Delrin ke zama lafiya a cikinsu. Wata gaɓar kuwa dole ta juya kuma ta murɗe a lokaci guda. Robar kamfani tana yin haka cikin sauƙi don tana miƙewa ta ko'ina. Foli mai tauri yana juyawa a kan bututun ƙarfen da ke tsakiyarsa, amma ba ya son murɗewa. Idan ka sa shi a irin wannan wuri sai ƙafar ta cije. Motar za ta fara kwanciya a kwana, ta kai wani wuri ta ƙi, kamar an ƙara mata sifirin da ba wanda ya auna, sai taya ɗaya ta yi sauƙi bayan ya kufce ba sallama.

Bushin ɗin E36 da muka fara da shi irin wannan ne. Shi ya sa masu motar da suka san abin da suke yi sukan bi ɗaya daga hanya biyu: ko dai sabuwar roba tare da wasu faifai a gefe da gefe da ke hana ta gusawa, ko kuma boris mai ƙwallo kai tsaye. AE86 ma, da ke da aksil ɗin baya guda ɗaya riƙe da hannuwa huɗu da sandar gefe, tana cijewa idan aka taurara dukkan bakunan hannuwan. Ford Mustang ta 1979 zuwa 1993 ta fi su ƙaurin suna a wannan, domin hannuwanta na sama a karkace suke, kuma taurara su kan kai ga yage ƙarfen bodin da suke ɗaure a jiki.

Ni a ganina, wanda kuɗinsa ba su da yawa ya fara da ƙaramin firam ɗin baya. A motoci irin su Nissan Silvia S13 ta 1988, wadda ake kira 240SX a Amurka, dukkan hannuwan baya a jikin firam ɗin suke, shi kuma yana zaune a kan manyan robobi huɗu. Idan su suna rawa, duk bushin mai tsada da ka sa a hannuwa yana rawa tare da su. Wannan wurin ba gaɓa ba ce, ba a buƙatar ya motsa, don haka alminiyam ko Delrin ba sa cijewa a nan. Taurara wurin yana kuma rage tsallen tayar baya idan an fizgi mota daga tsaye. Sai dai za ka fara jin kukan giyar baya a cikin mota kamar injin niƙa na maƙwabta, musamman idan ka taurara maɗaurin akwatin giyar ma. Kuma dukan da roba ke shanyewa a da, yanzu bodi ne zai sha. BMW E46 an san ta da tsagewar ƙasan bodi a daidai inda firam ɗin baya ke ɗaure, ko da ba a taɓa ta ba. Duk mai shirin sa mata bushin mai tauri ya fara kai ta wurin mai walda a duba, a liƙa faifan ƙarfafawa.

Boris mai ƙwallo shi ne sarki a fili, amma ba ya son ƙura da ruwa. Wanda ba shi da murfin roba, ƙurar hunturu da hanyar burji za su ci shi cikin ɗan lokaci ya fara ƙwanƙwasa. Wasu rukunan gasa ma sun hana amfani da shi, sai a karanta dokar rukuni kafin a saya. Foli kuwa giris yake so, irin mai silikon da ke zuwa a cikin kwalinsa, in ba haka ba ya dame ka da ƙara kamar tsohon gadon ƙarfe.

Sai ɗauri, inda ake yawan ɓata sabuwar roba. Bushin ɗin roba a manne yake da ƙarfensa ciki da waje, ba ya juyawa, murɗewa yake yi. Idan aka ɗaure notinsa tam motar tana sama tayoyi na reto, da an sauke ta robar za ta zauna a murɗe dare da rana, kafin ka ankara ta yage. Ana sa noti ne sako-sako, a sauke mota nauyinta ya hau tayoyi, ko a kan ramin gareji ko a tokare hannun da jak har ya kai tsayin da yake zama, sannan a ɗaure. Daga nan kuma a wuce wurin mai alaimen kafin a shiga fili, domin saitin da ke kan motar an yi shi ne a kan tsohuwar robar da aka jefar.