Kwikwiyo Kafin Ya Iya Haushi

A Mahuta, kudu da kogin Kaduna, kusa da matatar mai, gidaje na ta tashi a filayen da jiya gonaki ne, kuma da yawa daga masu tarewa tun ba su gama katanga ba suke fara cigiyar kare. Kowa mai haushi yake so, amma kaɗan ne suka san wahalar da ke gaban haushin.

Kwikwiyo makaho yake zuwa duniya, kurma kuma, bayan kimanin kwana 63 a cikin uwarsa. Idanunsa ba sa buɗewa sai tsakanin kwana 10 zuwa 14. Da hanci yake laluben nono. Ko fitsari ba ya iya yi sai uwar ta lashe masa mara, jikinsa kuma bai iya riƙe ɗumi ba, shi ya sa za ka ga 'yan kwikwiyo sun cure wuri guda suna ƙugi. In da hunturu aka haife su, a shimfiɗa musu buhu da tsumma a lungun da iska ba ta shiga, don sanyin siminti kaɗai ya isa ya kashe su. Dakashin da ya sha a ranar farko shi ne garkuwarsa daga cuta har lokacin allura.

A nan ake cutar da shi ba da niyya ba. Sai a raba shi da uwa yana sati 3, a tura masa nonon shanu ko madarar shayi, gudawa ta kwantar da shi. A bar shi da uwarsa ya cika sati 8. In maraya ne, a nemi madarar 'yan kwikwiyo wajen likitan dabbobi, a shayar da shi yana rub da ciki, ba a rigingine ba, kada ya shaƙe.

Haƙora na fara tsirowa wajen sati na 3 zuwa na 4. Daga nan sai koko mai kauri marar sukari, da dafaffen ƙwai ko dakakken kifin da aka tsince wa ƙaya, kaɗan-kaɗan sau 4 a rana. Ragowar miyar gida ba tasa ba ce: albasa da tafarnuwa suna lalata masa jini, cakulan guba ne gare shi, dafaffen ƙashin kaza kuwa yana tsagewa ya huda hanji.

Mafarauta sun ce ba a kiwon kare ranar farauta, kuma sun fi mu sanin dalili. 'Yar tsoka kamar ƙwayar gyada, wadda aka ba shi daidai lokacin da ya amsa kira, ta fi sanda koyarwa nesa ba kusa ba. An kuma ce in ka ga kare na shinshina takalmi ɗauka zai yi. Ga kwikwiyo wannan ƙaiƙayin dasashi ne kawai, a ba shi abin tauna, a ɗauke takalmin.

Wasu na ƙyamar kare, amma hadisi ya zo da labarin mutumin da Allah Ya gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishi.

Maganin tsutsar ciki tun yana sati 2, allurar farko tsakanin sati 6 zuwa 8, ta ciwon haukar kare yana wata 3. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, wadda aka kafa a 1924, tana haɗa wannan rigakafin a nan gida. Mai karatu, kada ka tsallake ta ko da kuɗi sun yi wuya, domin yaran gidanka ne abokan wasansa.