Yadda Ake Cusa Manhaja a Cikin Rubutun Umarni na Kwamfuta

Muna gabatar da wannan bayani ne domin amfanin jama'a, musamman ma'aikatan ƙananan hukumomi da masu shagunan kwamfuta da ke aiki da tsarin Linux.

Rubutun umarni fayil ne mai ɗauke da jerin umarnin da kwamfuta ke aiwatarwa ɗaya bayan ɗaya. Galibi sunansa kan ƙare da .sh ko .run. Ko da yake a ido rubutu ne kawai, ana iya cusa cikakkiyar manhaja a cikinsa.

Akan raba fayil ɗin gida biyu. A sama akwai umarnin da mutum zai iya karantawa, sai layin alama, sannan manhajar kanta a dunƙule a ƙasa. Da zarar an kunna fayil ɗin, umarnin tail zai yanko duk abin da ke bayan alamar, ya ajiye shi a wani sabon fayil. Daga nan umarnin chmod zai ba shi izinin aiki, sai manhajar ta tashi. Wasu kuma kan mayar da manhajar haruffa ta hanyar base64, wanda ke ƙara mata girma da kimanin kashi ɗaya bisa uku.

Wannan dabara tana da amfani, domin fayil ɗaya ya wadatar, kuma ana iya ɗaukarsa a filash zuwa garin da ba shi da intanet. Manhajar makeself, wadda Stéphane Peter ya fara a shekarar 1998, wannan aiki take yi, kuma VirtualBox na rarraba manhajarsa ta Linux a irin wannan siga.

Sai dai ɓata-gari ma kan bi wannan hanya su shigar da muguwar manhaja, wadda za ta iya goge ko sace bayanan albashi da na haraji. Saboda haka muna kira ga ma'aikata da su kiyaye waɗannan ƙa'idoji:

1. A karɓi fayil daga shafin kamfanin da ya yi shi kaɗai.
2. A karanta kan fayil ɗin da umarnin less kafin a kunna shi.
3. A gwada lambar tantancewarsa ta SHA-256 da wadda kamfanin ya wallafa.
4. Idan da makeself aka haɗa shi, zaɓin --list zai nuna abin da ke ciki ba tare da an girka komai ba.
5. Kada a kunna fayil da cikakken ikon mai kula da kwamfuta sai da amincewar jami'in da ke da alhakin hakan.

Rigakafi ya fi magani.