Ruwan da ke komowa ta tiyo in an ɗauke wuta

Ga taƙaitaccen bayani daga shirinmu na wannan mako, a kan wata matsala da ke cin dukiyar mutane cikin dare. Mutum ya kwanta tankinsa cike, ya wayi gari tsakar gida ta zama fadama, ruwan tanki ya ragu, alhali ko tsaga ɗaya babu a jikinsa.

Duk wanda ke bin hanyar Paraku zuwa Jugu ya san darajar ruwa daga watan Nuwamba har zuwa faɗuwar damina. Shi ya sa wasu ke ajiye tanki don shayar da shanun da suke kiwatawa kafin ranar kasuwa, a Turu kusa da Paraku ko a Kolokonde ta wajen Jugu. Wasu kuma tarwaɗa suke kiwo a tankin siminti ko na roba. Irin wannan tankin kifi yakan zo da ƙaramin tanki a ƙasa, inda ruwa ke gangarawa a tace shi, sai injin famfo ya mai da shi sama. A tsakanin tankunan nan biyu matsalar take.

Ka san yadda ake zuƙo ruwa daga duro da tiyo. In tiyon ya cika da ruwa, babu iska a ciki, kuma bakinsa na waje yana ƙasa da saman ruwan duron, to ruwa zai yi ta zuba da kansa. Ba zai tsaya ba sai iska ta shiga, ko kuwa ruwan ɓangarorin biyu ya zo daidai. Wannan ita ce ƙa'idar, kuma ba ruwanta da ko kana so ko ba ka so.

To, bututun da ke kai ruwa sama daga famfo shi ma tiyo ne cike da ruwa. In bakinsa ya nutse a cikin tankin sama, da zarar an ɗauke wuta ko man inji ya ƙare, sai ruwa ya juyo ta cikinsa ya nufi ƙasa. Bari mu yi lissafi. Tanki mai tsawon mita 2 da faɗin mita 1, kowane santimita ɗaya na zurfinsa lita 20 ne. In bakin bututun ya nutse santimita 10, lita 200 ke nan za su komo, wato duro guda, ko jarka 8 masu cin lita 25. In tankin ƙasa ba shi da wurin karɓar wannan, dole ya tumbatsa. In kuwa bututun ya kai har gindi, tankin zai tsiyaye ƙaf, kifi su kwana a busasshe.

Maganin ba tsada. Ɗaga bakin bututun ya tsaya sama da ruwa, ko ka huda ɗan rami a jikinsa, ƙasa kaɗan da saman ruwa, misalin kaurin ɗan yatsa. Ruwa na sauka zuwa ramin, iska za ta shiga, zuƙar ta katse. Sai dai gansakuka na toshe ramin, don haka ka riƙa zura masa ƙusa duk mako. Akwai kuma marfin da ake sa wa bututu don hana ruwa komowa, amma ƙwayar yashi ɗaya na iya hana shi rufuwa, kada ka dogara da shi kaɗai. Sannan kada ka cika tankin ƙasa har baki, ka bar masa sarari.

Wani lokaci kuma tankin sama ne ke ambaliya alhali famfo na aiki. Ruwa ba ya tsami banza. Ko dai bututun gangara ya toshe da ganye, ragowar abinci ko mataccen kifi, ko famfon ya fi ƙarfinsa. Sa raga a bakinsa, ka tabbatar ya fi bututun hawa faɗi, in da hali ka ƙara na biyu sama da shi kaɗan don ko-ta-kwana. In bututun gangarar naka irin wanda ke lanƙwasawa ta saman bango ne, iska kan taru a ƙoƙon lanƙwasar har ta yanke ruwa, famfo kuwa bai sani ba, sai ya ci gaba da turawa. Huda bangon tankin a dasa bututu ya fi kwanciyar hankali. In ka ji bututu na ƙugi kamar ana kurkure baki, iska da ruwa ne ke kokawa a ciki, rage ƙarfin famfo kaɗan ka saurara.

Makiyayi, kai ma abin ya shafe ka. Tiyon da ka bari tsakanin duro da kwamin shanu zai kwashe duron duka in ka juya baya. Ka gama, ka zare shi. Masu harkar fetur ta kan iyakar Chikanda da Nikki kuwa, kada ku ja mai da baki. Ɗan kaɗan ya faɗa huhu yana iya kai mutum asibiti, ku nemi famfon hannu na roba.

Kafin ka amince da kowane tanki, gwada shi da rana tsaka. Kashe famfo da hannunka, ka tsaya har ruwa ya daina motsi, ka sa alama da fenti inda ya tsaya a tankin ƙasa. Kunna kuma, ka ga ko gangara ta kama da kanta. In duka biyun sun yi daidai, ka kwana da idanu biyu a rufe. Allah ya ba da sa'a, sai mako mai zuwa.