Agogon Kyamarar Motar Ikilisiya: Abin Da Ya Kamata Direbobinmu Su Duba

A 'yan shekarun nan ikilisiyoyi da yawa, har da na ƙauyuka, sun yi ƙoƙari sun sayi mota tasu ta kansu, wadda ke kai Zumuntar Mata taro, ta kai 'yan kwaya wurin ɗaurin aure, ta kuma raka gawa gida in an yi rasuwa. Wasu dattawan sun ƙara da sayen 'yar ƙaramar kyamarar nan da ake mannawa a gilashin gaba, mai ɗaukar hoton duk abin da ya faru a hanya muddin mota tana tafiya. Dabara ce mai kyau, muna kuma yaba wa waɗanda suka yi tunaninta. Sai dai mun lura cewa da zarar mai wayarin ya manna ta, ya ja mata wuta, aka ga hoto ya fito, shi ke nan sai kowa ya watse. Ba mai duba 'yan lambobin da ke ƙasan hoton. Lambobin nan kuwa, wato kwanan wata da lokaci da gudun mota da wurin da take, su za a fara tambaya ranar da aka shiga rigima.

A ce motar ikilisiya tana dawowa Jos daga taro a Kafanchan ran Asabar da ƙarfe 6 na yamma, sai wata tirela ta goge ta, ta wuce abinta. Aka ciro katin kyamara, ga tirela ga lambarta a fili. Amma rubutun da ke ƙasa ya ce ƙarfe 1 na dare ne, ran Lahadi. Mai tirela zai kawo mai gadinsa ya shaida cewa da ƙarfe 1 na daren nan motar tana ajiye a gareji, ba kuwa ƙarya ya yi ba. Hoto yana nuna rana ba ta faɗi ba, agogo yana cewa tsakar dare ne. Sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011 ya ba kotunan Nijeriya damar karɓar shaidar da ta fito daga na'ura, amma da sharaɗin a nuna cewa na'urar tana aiki daidai a lokacin, a kuma kawo takarda mai sa hannun wanda ke kula da ita. Lauyan da ya san aikinsa ba zai bar wannan ƙofa a buɗe ba tare da ya shiga ba. Direbanmu, wanda sau da yawa ɗan'uwa ne mai yi wa Ubangiji hidima da ɗan abin da ake ba shi, shi zai yi ta zarya tsakanin ofishin 'yan sanda da kamfanin inshora.

Wannan bambanci na awa 7 yana da dalili. Yawancin kyamarorin da ke kasuwanninmu a ƙasar Sin ake ƙera su, wasunsu kuma da lokacin can suke zuwa. Tun a 1884, a wani taron ƙasashe a birnin Washington, aka amince a riƙa auna duniya daga layin da ya ratsa Greenwich a Landan. Lokacin wannan layi shi ne ake rubutawa GMT, ko kuma UTC. Nijeriya tana gaba da shi da awa 1, haka ma Nijar da Kamaru da Chadi da Benin. Ƙasar Sin tana gaba da shi da awa 8, Koriya ta Kudu da awa 9. Gana da Togo kuwa suna kan layin daidai, babu ƙari babu ragi. Saboda haka kyamarar da aka bari a kan +8 za ta riga mu da awa 7, wadda aka bari a kan sifiri kuma za ta yi latti da awa 1. Wannan na biyu ya fi haɗari a ganinmu, domin awa guda ba ta cika jan ido ba, musamman gare mu da muka saba a ce sujada ƙarfe 9 ce, a fara 9 da rabi.

Ga inda mutane da yawa ke rikicewa. Direba ya ga agogo ba daidai ba, ya dubi wayarsa, ya gyara awa da minti da hannu. Da ya fita fili ya yi tafiyar minti biyar, sai agogon ya koma inda yake dā. Ya sake gyarawa, ya sake komawa, har ya ce an sayar musu da jabu. Kyamarar lafiyarta ƙalau. Abin da ke faruwa shi ne GPS ɗin da ke cikinta ya kama taurarin ɗan'adam, ya karɓi lokaci daga wurinsu, ya share wanda aka sa da hannu.

Ya kamata mu ɗan tsaya a kan wannan, gama wanda ya gane shi ba zai ƙara shan wahala ba. Sojojin Amurka ne suka kafa tsarin GPS. Sun harba tauraro na farko a 1978, tsarin kuma ya cika a 1995 da taurari 24. Suna can sama da mu da kimanin kilomita 20,200, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a rana, kowanne kuma yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito. Aikinsu shi ne su yi ta shelar lokaci da wurin da suke. Saƙon yana gudu irin na haske, kilomita 300,000 a daƙiƙa guda. Na'urar da ke cikin mota tana auna ɗan jinkirin da saƙon kowane tauraro ya yi kafin ya iso ta, in ta ji daga taurari huɗu ko fiye sai ta lissafa inda take. Wato daga lokaci ne ma ake samo wurin. Ba a biyan ko kwabo, ba a bukatar kati ko intanet, na'urar kuma sauraro kawai take yi, ba ta aika labarin kowa sama. Amma lokacin da take samu daga taurarin na layin Greenwich ne. Mai mota ne zai gaya mata awa nawa za ta ƙara.

Gyaran ba shi da wuya. A shiga wurin saiti, a kan kyamarar ko a manhajar wayar da ake haɗa ta da ita, a nemi layin da ke da haruffan GMT ko UTC, a sa shi a kan +1. In akwai wurin da aka rubuta DST a kashe shi, gama wannan na ƙasashe irin su Ingila da Amurka ne masu tura agogonsu gaba da awa guda in bazararsu ta zo, mu ba ma yi. Kyamarorin gwanjo sukan zo da shi a kunne. A kuma duba jerin kwanan wata, domin Amurkawa wata suke fara rubutawa kafin rana: 03/04 a wurinsu 4 ga Maris ne, a wurinmu 3 ga Afrilu. Bayan haka a fitar da mota fili, ba ƙarƙashin rumfar kwano ko inuwar mangwaron harabar majami'a ba, a bar ta a kunne. Karo na farko yakan ɗauki mintoci, wani lokaci har kwata. In alamar tauraro ta ƙi kamawa, a duba wayar wuta, domin a kyamarori da yawa GPS ɗin yana cikin mariƙin da ke manne da gilashi ne, in aka soka wayar a jikin kyamarar kai tsaye ba zai yi aiki ba. Wasu irin tintin gilashi masu ƙarfe a ciki su ma suna tare saƙon. In ya kama, lambobin wuri za su fito da haruffan N da E. A Jos za a ga kusan 9.9 da 8.9, a Kaduna kusan 10.5 da 7.4.

Kyamarar da ba ta da GPS ta dogara ne ga wani ɗan ƙaramin batir da ke riƙe mata agogo in an kashe mota. Zafin Maris da Afrilu a bayan gilashi yakan kashe shi da wuri, daga nan kullum aka tada mota sai ta koma kwanan watan da ta baro masana'anta da shi. Irin wannan sai an duba ta kowace tafiya. Akwai kuma tsofaffin na'urorin GPS da suka koma shekarar 1999 bayan 6 ga Afrilu, 2019, saboda ma'aunin makonnin tsarin yakan koma sifiri duk bayan mako 1,024. Wadda ta kamu da wannan, in kamfaninta bai fitar da gyara ba, gara a canja ta.

Sai batun gudu, inda muke da magana da 'yan'uwa. Da farko a tabbata an zaɓi KM/H, ba MPH ba. Mil guda kilomita 1.6 ne, saboda haka kyamarar da ke nuna 60 a mil, gudun gaskiya ya haura kilomita 96, alhali ƙa'idar hanya ta Nijeriya ta tsayar wa bas kilomita 90 a babbar hanya mai tagwaye, 80 a sauran manyan hanyoyi, 50 a cikin gari. Masu sayarwa sukan ba da shawara a ɓoye lambar gudu gaba ɗaya, wai kada kyamararka ta tona maka asiri. Ba mu goyi bayan wannan ba ga motar da aka saya da baikon masu bi, aka kuma rubuta sunan ikilisiya a jikinta. Shari'ar Musa, a Kubawar Shari'a sura ta 19, ta hana a kama mutum da laifi a kan bakin shaida guda, ta kuma tsananta a kan mai shaidar zur. In muka ɗauko shaida muka zaunar da ita a gaban mota, sa'an nan muka rufe mata baki a kan abin da ya shafe mu, muka bar ta ta faɗi laifin wani kaɗai, ba mu yi nisa da abin da aka hana ba. Ban da haka, direban da ya san dattawa za su iya ganin gudunsa yakan sassauta ƙafa a gangara, mata da yaran da ke baya su ke cin ribar.

Lambobin wuri kuwa suna bukatar hattara ta wata fuska. Matasanmu suna son tura hotunan tafiya a WhatsApp da Facebook. Hoton da aka ɗauka tun daga ƙofar gidan fasto yana ɗauke da ainihin wurin gidan, da hanyar da motar ke bi, da sa'ar da take fita. A wannan zamani na masu garkuwa da mutane, wannan ba labarin da za a raba wa duniya ba ne. A bar lambobin a kunne domin ranar bukata, amma kada hoton ya fita daga hannun kwamitin mota.

Muna ba da shawara kowace ikilisiya ta ɗora wa mutum guda wannan nauyi, ya riƙa gwada agogon kyamara da na wayarsa kafin kowace doguwar tafiya, har da kwanan wata da shekara. Masu zuwa Gana su tuna su mai da shi sifiri in sun shiga Togo, su mai da shi +1 in sun dawo. In kuwa tsautsayi ya faru, Allah ya kiyaye, a tuna cewa kyamarar tana ɗauka ne gutsure-gutsure na minti 1 ko 3 ko 5, in kati ya cika sai ta hau kan tsoho ta share. Bayan an kula da waɗanda suka ji rauni, a danna maɓallin kulle hoto, a kashe ta, a zare katin. Sakataren ikilisiya ya kwafe shi a kwamfuta, ya rubuta rana da sa'ar da aka ba shi, ya ajiye na asalin yadda yake, ba yanka ba gyara, har 'yan sanda ko kamfanin inshora su nema.