Ƙa'idojin Amfani da Tarho da Imel da Intanet a Kwaleji: Darasi Daga Wata Shari'a

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce a yi bayani a kan ƙa'idojin da kwalejoji da jami'o'i suke shimfiɗa wa malamai da ɗalibai da sauran ma'aikata game da amfani da tarho da imel da intanet na makaranta. Galibi akan ɗauki waɗannan ƙa'idoji a matsayin jerin hane-hane da hukuma ta ɗora wa na ƙasa da ita. Abin da za a yi ƙoƙarin nunawa a nan shi ne, ƙa'idojin suna ɗaure hukumar makaranta kamar yadda suke ɗaure mai amfani, kuma hukumar da ba ta rubuta su ta sanar da jama'arta ba, to ta raunana huruminta na sa wa kowa ido. Za a kafa hujja da wata shari'a da ta taso daga wata kwaleji a ƙasar Birtaniya.

2.0 Asalin Ƙa'idojin da Abin da Suka Ƙunsa

Irin waɗannan ƙa'idoji a cibiyoyin ilmi suka girma. A shekarar 1986 Hukumar Kimiyya ta Ƙasa ta Amurka ta buɗe hanyar sadarwa mai suna NSFNET domin haɗa kwamfutocin jami'o'i. Da yake da kuɗin gwamnati aka gina ta, sai aka gindaya sharaɗin cewa don bincike da koyarwa za a yi amfani da ita, ban da harkar ciniki. An rufe NSFNET a 1995, amma al'adar gindaya sharaɗi ta zauna, har ta zama kowace makaranta takan rubuta nata.

Idan aka duba su, za a ga sun ƙunshi abubuwa uku. Na farko, tsaron kayan aiki, watau kada mutum ya ba wani kalmarsa ta sirri, kada kuma ya shiga akwatin imel na wani. Na biyu, kare mutuncin jama'a, watau hana cin zarafi da ƙazafi da satar aikin wani marubuci. Na uku, iyakar amfani na ƙashin kai, alal misali buga tarho gida daga ofis. Akwai kuma na huɗu wanda sau da yawa akan taƙaita shi ko a bar shi gaba ɗaya, shi ne bayanin yadda hukuma za ta binciki masu amfani. A kansa ne shari'ar da ke tafe ta tsaya.

3.0 Shari'ar Copland

Mai ƙara, wadda shari'ar take ɗauke da sunanta, ma'aikaciya ce a Kwalejin Carmarthenshire ta yankin Wales, inda take taimaka wa shugaban kwalejin a ofishinsa. Wajen ƙarshen shekarun 1990, bisa umurnin mataimakin shugaba, aka riƙa bin diddigin tarhonta da imel ɗinta da shigarta intanet ba tare da saninta ba. An tattara lambobin da ta buga da lokaci da tsawon kira, da adireshin waɗanda ta aika wa imel, da wuraren da ta ziyarta a intanet. Hujjar da gwamnati ta bayar ita ce ana son a gano ko tana wuce gona da iri wajen amfani da kayan kwaleji don buƙatar kanta. A lokacin kuwa kwalejin ba ta da wata ƙa'ida game da irin wannan bincike.

A watan Afrilu na 2007 Kotun Turai ta Haƙƙin Ɗan Adam da ke Strasbourg ta yanke hukunci cewa an keta sashe na 8 na Yarjejeniyar Turai, wanda ya kare sirrin rayuwa da na wasiƙu. Dalilan kotu uku ne. Kiran tarho da imel daga wurin aiki suna cikin abin da sashen ya kare. Tun da ba a gargaɗe ta ba, tana da haƙƙin ta ɗauka cewa ba a sa mata ido. Sa'an nan tattara lambobi da lokuta kaɗai, ko da ba a saurari magana ba, shiga sirri ne, kuma babu dokar da ta tsara shi a lokacin. Aka ba ta diyyar yuro 3,000. Lalle ne a lura cewa kotu ba ta haramta bincike ɗungurungum ba. Abin da ta ƙi shi ne binciken da ba shi da doka a bayansa.

A 2017, a shari'ar Barbulescu ta ƙasar Romaniya, kotun ta ƙara fayyace batun. Can kamfani ya riga ya hana amfani na ƙashin kai, duk da haka aka ce hani kaɗai bai wadatar ba, sai an sanar da ma'aikaci tun da wuri irin binciken da za a yi da kuma iyakarsa.

4.0 Dangantakar Wannan da Makarantunmu

Hukuncin Kotun Turai ba ya hawa kan makarantun Nijeriya, amma tushensa yana nan a dokokinmu. Sashe na 37 na Tsarin Mulkin 1999 ya kare sirrin 'yan ƙasa da gidajensu da wasiƙunsu da maganganunsu na tarho. Dokar laifuffukan intanet ta 2015 ta haramta shiga kwamfuta ba da izni ba. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 kuma ta wajabta a sanar da mutum dalilin tattara bayanansa. Bisa ga wannan, ya kamata ƙa'idar kowace kwaleji ta amsa tambayoyi huɗu a fili: wane bayani ake tattarawa, wa yake da ikon ba da umurnin duba shi, har yaushe za a ajiye shi, kuma ina wanda aka zarga zai kai kukansa.

5.0 Kammalawa

An nuna cewa ƙa'idojin amfani alkawari ne tsakanin ɓangarori biyu. Mai amfani ya ɗauki nauyin tsare amanar kayan makaranta, ita kuma hukuma ta ɗauki nauyin bayyana iyakar ikonta. Shawarar wannan takarda ga majalisun kwalejoji ita ce a rubuta ƙa'idojin cikin harshen da kowa zai fahimta, a miƙa wa ɗalibi ranar rajista da ma'aikaci ranar kama aiki, kuma kada a fara wani bincike sai an tabbatar sanarwar ta isa ga wanda abin ya shafa.